Allon Karatu Na Lantarki: Abin Dubawa Kafin Ki Sauya

A wannan mako ina so mu yi magana bisa wani baƙo wanda ya shigo ɗakunanmu bai yi sallama ba, watau karatun littafi a jikin gilashi. A nan Ƙofar Marusa da wuya ki shiga gida bayan azahar, an sauke tukunya an wanke kwanuka, ki rasa wadda ta kishingiɗa a tabarma tana jan yatsa bisa waya. Kakanninmu sun karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a takarda. Iyayenmu da yayyenmu sun yi hayar littattafan Bilkisu Funtuwa da na Balaraba Ramat Yakubu, su karanta su mayar. Mu kuwa ga mu da Wattpad da WhatsApp, littafi ɗari cikin abin da bai fi tafin hannu ba.

Cikin takardun da ku ke aiko wa wannan fili, tambaya biyu ce ta fi yawa. Ta fari, wane gilashi ne ya fi daɗin taɓawa da daɗin karatu? Ta biyu, in na bar wannan na koma wancan, littattafaina za su biyo ni? Masu tambaya ta fari sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma a ganina ta biyu ita ce babba, don a can ne kuɗi ke ɓata, a can ne kuma a ke kuka. Duk da haka bari mu bi su bi da bi.

Da fari mu raba abu biyu waɗanda mutane su kan haɗa. Akwai wayar hannu, irin su Tecno da Infinix da itel da ke hannun yawancinmu. Gilashinta fitila ce, haske ne ke fitowa daga cikinsa ya doki ido. Shi ya sa cikin ɗaki ta ke da daɗin gani, amma in kin fito tsakar gida da rana tsaka sai rubutun ya dushe, ki yi ta kāre shi da gefen mayafi. Akwai kuma wani abu dabam wanda ba ya kira, ba a kiransa, don karatu kaɗai aka ƙera shi. Ni allon karatu na ke ce masa. Waɗanda suka fi suna su ne Kindle, wanda kamfanin Amazon na Amurka ya fara fitarwa cikin 2007, da Kobo, wanda aka fara a Kanada, sa'an nan kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi cikin 2012. Ba su cika shagunanmu ba. Galibi tsaraba ce daga wanda ya je karatu ko aiki waje, ko kuwa na hannu ne da a ke kawowa daga Kano ko Ikko.

Ba don wasa na ce masa allo ba. Ƙarƙashin fuskarsa akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu yawan gaske, kowace kaurinta kamar na silin gashi. Cikin kowace akwai ruwa, cikin ruwan akwai gari fari da gari baƙi. Lantarki ne ke kora su. Inda a ke son harafi sai baƙin ya taso sama farin ya nutse, inda a ke son fili sai farin ya taso. Da sun zauna, shi ke nan, ba su ƙara bukatar wuta sai za a juya shafi. Wannan ne dalilin da ya sa caji ɗaya ya kan kai makonni, alhali waya kullum sai an kai ta wurin mai caji in an kwana biyu ba a kawo wuta ba. Rana kuwa ba ta dushe shi, ƙara masa kyau ta ke yi, kamar takarda. Duk wadda ta yi makarantar allo ta san in an wanke allo da gaggawa, a kan bar alamar tsohon rubutu ƙarƙashin sabo. To, shi ma haka ya ke yi. Don haka in kin ga ya yi baƙi ƙirin sau ɗaya ya koma fari bayan 'yan shafuka, kada gabanki ya faɗi, ba lalacewa ya yi ba, wanke allonsa ya ke yi. Na farko-farko ba su da fitila, sai kin kunna aci-bal-bal. Kindle Paperwhite na 2012 da ire-irensa an sa musu 'yan fitilu a gefe masu shimfiɗa haske bisa shafin, kuma kina iya ragewa har ya zama kamar hasken farin wata.

To, yaya gilashi ya ke sanin an taɓa shi? Hanya uku ce, kuma kowace da halinta.

Ta fari ita ce ta dannawa. A kan shimfiɗa 'yan siraran fatu biyu bisa fuskar, da ɗan rata tsakaninsu. In kin danna sai su haɗu, na'urar ta gane wurin. Wadda ta riski wayoyin nan na dā masu zuwa da ɗan tsinke a gefe ta san irinsa. Kamfanin Sony ya sa wannan a allonsa cikin 2008, sai masu karatu suka yi ta ƙorafi, don fatun nan sun sa rubutu ya yi hazo, ga ƙyalli. Cikin 2010 kamfanin ya bar wannan hanya. In an kawo miki irinsa a gwanjo, ki yi godiya ki wuce.

Ta biyu ita ce ta ɓoyayyen haske, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba a ɗora kome bisa rubutun ba. Cikin bakin da ya kewaye fuskar aka jera 'yan fitilu masu wani irin haske wanda idon mutum ba ya gani. Hasken ya ratsa fuskar, wani a tsaye wani a gicciye, kamar zaren masaƙa. In yatsanki ya sauka sai ya tare zare ɗaya na tsaye da ɗaya na gicciye, na'urar ta ce, a nan ne. Kindle Touch da Kobo Touch, dukansu na 2011, haka aka yi su. Kyansa shi ne ba ruwansa da ko mene ne ya taɓa shi. In hannunki na cikin ƙunshi, ki ɗauki gindin fensir da ɗayan hannun ki juya shafi. In kina tuƙin tuwo hannu duk gari, ƙotar cokali ta isa. Amma fa abin da ya ba shi kyau shi ne kuma aibinsa. Tun da ba ya rarrabe yatsa da waninsa, gezar mayafi in ta share shi ta kan juya miki shafi, ƙuda ma in ya sauka ya yi tafiyarsa ya kan iya kai ki gaba. Babban abokin gābarsa kuwa ƙura ce. Ku da ku ke share ɗaki sau biyu a rana daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sai na gaya muku yadda ƙurar hunturu ta ke a Katsina ba. In ta taru a lungun bakin nan sai ta tare hasken, allon ya ƙi jin taɓi, ko kuwa ya yi ta juya kansa kamar mai iska. Sau da yawa wanda aka ce ya mutu ba mutuwa ya yi ba. Ki nannaɗe 'yar auduga busasshiya a kan tsinke, ki bi gefunan nan huɗu a hankali, sai ki ga ya farfaɗo.

Ta uku ita ce ta jiki, wadda ke cikin dukan wayoyin shafawa na yanzu, da Kindle Paperwhite tun 2012. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki. An shimfiɗa wata raga siririya wadda ba a gani cikin gilashin, da ɗan lantarki kaɗan a jikinta. In fatarki ta kusance ta sai lantarkin wurin ya sāke, na'urar ta gane. Yana da sauri, ba ya bukatar ƙarfi, ƙura kuma ba ta dame shi ba, don babu hasken da za ta tare. Sai dai fata ya ke so. Farce ba ya yi masa, fensir ba ya yi masa, hannun da aka naɗe da tsumma ba ya yi masa. Yatsan da ya bushe ƙwarai ya yi kaushi, irin na mai yawan wanki da sanyi, wani lokaci sai ta taɓa sau biyu kafin ya ji. Sa'an nan ga ruwa. Ruwa ma yana ɗaukar lantarki, don haka ɗigo ɗaya bisa gilashin ya kan zame masa kamar yatsa. A nan ne masu sayarwa su kan rikita mutane. Za a ce miki wannan ruwa ba ya shigarsa, gaskiya ne kuwa, Paperwhite tun daga na 2018 haka ya ke. Amma rashin shigar ruwa dabam, jin taɓi da jiƙaƙƙen hannu dabam. Ba zai lalace ba in ya faɗa cikin baho, amma ba za ki karanta da shi kina wanke-wanke ba sai kin goge hannu kin goge shi.

In kina so ki san wane iri ne a hannun mai sayarwa, ba sai kin tambaye shi ba, don shi ma sau da yawa bai sani ba. Ki taɓa fuskar da gindin fensir a hankali. In shafi ya juya, na ɓoyayyen haske ne. In sai kin danna da ƙarfi, na dannawa ne. In ya yi shiru sai da yatsa, na jiki ne.

In kun tambaye ni wanne na fi so, sai in ce ba ko ɗaya daga cikinsu, maɓalli na fi so. Mace mai goyo da hannu ɗaya ta ke karatu, ɗayan yana riƙe da yaro ko yana fifita. Allon da ke da maɓallin juya shafi a gefe, babban yatsanki na bisansa, ba ki ɗaga hannu, ba ruwanki da jiƙa ko bushewa. Amazon yana da irinsa mai suna Oasis, amma ya daina yinsa cikin 2024. Kobo Libra yana da maɓalli biyu a gefe. Mai karatu da waya ma kada ta ce an bar ta baya. Manhajojin karatu da yawa suna yarda a mai da maɓallin ƙara murya da na rage ta su zama na juya shafi, sai dai a shiga wurin saiti a kunna. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Masu launi kuwa, waɗanda kamfanonin biyu suka fitar cikin 2024, launinsu a kwance ya ke kamar atamfar da ta sha wanki, kuma farin shafinsu bai kai na marasa launi ba. Mai karanta labari ba ta da bukatarsu.

Abu biyu su kan kashe allon nan a gidajenmu. Na ɗaya nauyi. Ƙwayoyin nan bisa wani siririn gilashi su ke zaune a ciki, in aka zauna bisansa, ko yaro ya taka, ko aka cusa shi cikin jaka tare da kwalbar turare, sai ya tsage daga ciki. Waje lafiya lau, amma rabin shafi ya daskare da zane-zane. Masu gyaran waya kuma ba su cika ajiye irin gilashinsa ba. Ki yi masa riga mai tauri. Na biyu zafi. Takardar da ke zuwa da Kindle ta ce a yi aiki da shi tsakanin awo 0 da 35 na ma'aunin zafi, mu kuwa cikin Afrilu zafinmu ya kan kai 40. Kada a bar shi bisa taga, ko cikin mota a rufe, ko kusa da murhu.

Saura wani gwaji wanda Bature mai rubuta labarin na'urorin nan ba zai taɓa gaya miki ba, don bai dame shi ba. Harshenmu yana da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu ne cikin na'ura ya san su ba. Wani sai ya sa ɗan akwati a gurbin harafin, wani ya aro shi daga wani salo ya fito ƙato ko siriri cikin 'yan'uwansa. Kin kuwa san baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka daka da ɗaka, haka kafa da ƙafa. 'Yar makaranta mai shirin jarrabawar Hausa ba ta wasa da wannan. Kafin ki biya, ki sa a zuba miki littafin Hausa guda wanda aka rubuta da ƙa'ida, ki duba. In akwati ya fito, ki sāke salon rubutun daga wurin saiti ki ga ko zai gyaru. Ki sani kuma umurnin da ke jikin allunan nan ba da Hausa ya ke ba.

Har wa yau ki duba irin littattafan da ki ke da su. Wanda a ke kira PDF kamar hoto ya ke, an ɗauki shafi yadda ya ke, ba ya lanƙwasuwa. In an tsara shi don babbar takarda, aka sa shi cikin allo mai inci 6, sai rubutun ya zama kamar tururuwa, ki yi ta ja da yatsa biyu, allon tawada kuwa ba shi da saurin waya wajen wannan. Wanda a ke kira EPUB kamar ruwa ya ke, ya kan bi siffar abin da aka zuba shi, in kin ƙara girman harafi sai layuka su sāke jeruwa da kansu. Ƙanwata 'yar makaranta, in yawancin abin da malamai ke ba ku PDF ne mai zane da jadawali, ƙaramin allo zai ba ki haushi, babbar fuska ki ke bukata. Uwargida mai labarai kuwa, ƙaramin ya ishe ta.

To, yanzu mu zo ga babbar magana.

Ran da mace za ta tashi daga gidan haya, a ran nan ta ke sanin abin da ke nata. Gado da kwalla da tasoshi a ɗora a mota. Amma ƙyaure da famfo na mai gida ne, ko da ta shekara goma tana buɗewa tana rufewa. Littattafan cikin na'ura haka su ke, iri biyu ne, kuma a ido ba a rarrabe su. Akwai wanda ya ke ajiye a cikin na'urarki a sake, kina iya kwafe shi ki kai duk inda ki ke so. Akwai kuma wanda kika saya daga kantin kamfani, aka sa masa kwaɗo, mabuɗin yana hannun kamfanin. Yawancin littattafan kantin Amazon da irin wannan kwaɗo su ke, ba su buɗuwa a Kobo. Na kantin Kobo masu kwaɗo kuma ba su buɗuwa a Kindle. Kuɗin da kika biya ba na mallaka ba ne irin na littafin takarda, na izinin karatu ne. Watau hayar nan da iyayenmu su ke yi ce ta dawo da sabuwar riga, sai dai wannan ba a gaya miki ranar mayarwa.

Kada ku ce tsoratarwa na ke yi, ga abin da ya riga ya faru. Cikin 2009 Amazon ya shiga allunan mutane daga nesa ya ɗauke wani littafin George Orwell mai suna 1984, wanda suka riga suka biya, don wanda ya sa shi kantin ba shi da izini. An mayar musu da kuɗinsu, shugaban kamfanin ya roƙi gafara, amma duniya ta gane cewa hannun kamfani yana kaiwa har cikin jakar mutum. Cikin 2014 Sony ya rufe kantinsa na littattafai, shi dai ya yi kirki, ya miƙa masu cinikinsa ga Kobo. Cikin 2019 Microsoft ya rufe nasa, littattafan suka daina buɗuwa, aka mayar da kuɗi. Na kusa da mu kuwa shi ne OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a nan Nijeriya cikin 2013. Marubutanmu mata na Hausa da yawa sun sa littattafansu a can, masu karatu kuma sun saya. Ran 30 ga Nuwamba, 2023, aka rufe shi. Sa'an nan ran 26 ga Fabrairu, 2025, Amazon ya toshe hanyar da a dā mai saye ke bi ya sauke littafinsa a kwamfuta ya ajiye, ya zuba a allo ta igiya.

Akwai kuma abin da mu mutanen jihar nan muka gani da idonmu. Cikin Satumba 2021, saboda sha'anin tsaro, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Jibiya da Dutsin-ma, aka yi watanni a haka. Wadda littafinta ke ajiye cikin na'ura ta ci gaba da karatunta. Wadda nata ke can wurin kamfani, sunansa kawai ta ke gani a jeri, sai ta yi ta kallon hoton bango. Ganin sunan littafi cikin jeri ba shi ne samunsa ba. Ki rufe data ki buɗe shi. In ya buɗu, yana wurinki.

In sauyin cikin gida ɗaya ne, watau daga tsohon Kindle zuwa sabo, ko daga Kindle zuwa manhajar Kindle a waya, abin da sauƙi. Ki shiga da sunan asusunki, littattafan su bayyana, har shafin da kika tsaya za a kai ki, muddin na'urorin biyu sun sami intanet. Haka Kobo, haka Wattpad. Wannan yana da daɗi ƙwarai: ki karanta a allo da dare, gobe kina layin awo a asibiti ki ɗora daga inda kika tsaya a waya. In kuwa daga wani kamfani za ki koma wani, marasa kwaɗo ne kaɗai za su bi ki. Kobo ya kan karɓi EPUB kai tsaye, a haɗa shi da kwamfuta da igiya a kwafe masa. Kindle tun 2022 ya ke karɓar EPUB in an aika masa ta hanyarsa mai suna Send to Kindle. Akwai wata manhajar kwamfuta ta kyauta, Calibre, mai juya littafi marar kwaɗo daga wannan siffa zuwa waccan. Amma layukan da kika ja ƙarƙashin jimloli, da 'yan bayanan da kika rubuta a gefe, ba su ƙetarawa daga kamfani zuwa kamfani. Don haka na kan ce wa 'yan ajina, abin da ya isa a ja masa layi ya isa a kwafe shi cikin littafin rubutu.

Duk wannan kuwa bisa abu ɗaya ya rataya, asusu. A nan ne mu mata muka fi yin sakaci. An sayo waya, aka ba yaron shago ya buɗe adireshin imel, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, ba wanda ya rubuta. Shekara biyu waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta a gidan biki. An sayi sabuwa, sai a ce kawo kalmar sirri, sai ido ya raina fata. Hanyar da ta rage ita ce a aiko da lamba ta layin da aka yi rajista da shi, layin nan kuwa in an daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani ya kan ba wani. Wata kuma allon nata da sunan maigida aka yi masa rajista, ko da sunan wanta da ya kawo tsarabar. Ba na yi wa kowa mugun fata, Allah ya bar kowa da nasa. Amma zama ya kan yi daɗi ya kan yi tsami, mai tafiya ya kan yi nisa, rai kuma na Allah ne. Yadda ba ki yarda a rubuta kayan ɗakinki da sunan wani, haka asusun karatunki. Ki buɗe da sunanki, da layin da ke hannunki, ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki sa ƙasan akwati inda ki ke ajiye takardun makaranta.

Masu karatu a WhatsApp su ma su ji. Shafukan da marubuciya ke turowa kullum cikin zauren da kika biya kika shiga, a cikin wayarki su ke zaune. In ba ki kunna ajiya ta Google Drive ba, sabuwar waya za ta zo miki fayau. Waɗanda suka zo a dunƙule, ki kwafe su a memori, ko ki tura su sabuwar wayar ta Xender tun tsohuwar tana hannunki. Amma fa don kanki na ce ki ajiye. Littafin da aka sa wa kuɗi, baiwar Allah ta hana idonta barci ta rubuta, ki biya ke kaɗai sa'an nan ki watsa wa zaure guda kyauta, wannan cin haƙƙi ne, ko da ba wanda ya gan ki.

Saboda haka in ranar sauyi ta zo, kada ki yi musaya a tsaye a bakin shago, ki miƙa tsohuwa ki karɓi sabuwa. Ki riƙe su duka biyu ko da kwana biyu ne. Ki shiga asusunki a sabuwar, ki sauke littattafan, ki rufe data, ki buɗe su ɗaya ɗaya, ko ba duka ba waɗanda ki ka fi ji da su. Sai kin tabbata sa'an nan ki cire sunanki daga tsohuwar, ki share ta sarai, don wanda ya saya kada ya sami hotunanki, ko ya yi sayayya da asusunki. In kuwa ke ce mai sayen allo na hannu, ki duba an cire sunan mai shi na dā, kuma ki yi rajistarsa da sunanki a gaban mai sayarwa kafin kuɗi ya bar hannunki, don Kindle ɗin da aka kai ƙarar an sace shi, kamfani ya kan hana a sāke yi masa rajista. Ki tambayi shekararsa kuma. Tun Agusta 2022 waɗansu tsofaffi, irin su Kindle Keyboard na 2010, aka hana su shiga kantin daga jikinsu. Baturin wanda ya daɗe haka ma ya gaji, makonnin nan da na faɗa sai su koma kwanaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar da wata uwa ta aiko, ta karatun yara da waya cikin duhu bayan an kashe fitila, da abin da ya ke yi wa barcinsu. Mai tambaya ta aiko da takardarta ta hannun Edita.